Shinkafar da Ta San Ɗari

A shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar damina tun daga Augie har ƙasan Argungu, a tsakiyar ɗarin da ya biyo bayanta, Allah ya karɓi ran Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ya rasu a asibiti a Birnin Kebbi, muka kawo shi gida Argungu, aka yi masa sutura bayan azahar.

Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zuwa suna tafiya. Kowa da Kawun da ya sani. Liman ya ce bai tuna ranar da ya waiwaya bai gan shi a sahun farko ba. Wata mai sayar da fura ta tsaya daga nesa tana share ido, ta ce duk ranar kasuwa sai ya sayi furarta ko da ta yi tsami. Masu gyaran injin ban ruwa suka ce ba su taɓa ganin mai gardama irinsa ba, suka yi dariya kaɗan, sannan suka ji kunya suka yi shiru.

Can da yamma abokinsa ya iso, wani tsohon masunci da suka taso tare. Ya zauna da ƙyar, aka yi addu'a aka shafa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Ya tahi da taurin kainai.”

Sai ya ɗago ya dube ni.

“To, irin hwa? Wa ya bar ma shi?”

Na ce iri yana nan lafiya, yana cikin ƙasa a Ambursa. Haka na sani a ranar, haka kowa ya sani. Saboda wannan tambayar nake rubuta abin da nake rubutawa, don 'ya'yanmu su san wane ne Kawu, su kuma san abin da ya kasance a hannunmu.

Irin shinkafa ne da ya gada daga mahaifinsa. Ba shi da suna a kasuwa. Mu dai jar Kawu muke ce mata, kuma ba ƙwayar ce ja ba, ganyen ne. Duk mai noman rani a fadamar nan ya san renon shinkafa da ɗari ba sa shiri. Idan ka zuba iri sanyi ya kama shi yana ƙarami, ganye ya yi ɗorawa, ya bushe daga baki, ka yi asarar iri ka yi asarar man inji. Shi ya sa mutane ke jira sai ɗari ya fara sauka. Kawu kuwa gaban ɗari yake shiga. Yakan zuba iri da wuri, ta fito, sanyi ya same ta a hankali. Idan ya tsananta sai ta tsaya cak. Ba ta ƙara tsawo, ganyenta ya koma ja kamar tsatsa, wanda bai san ta ba zai rantse ta mutu. Ranar da ɗumi ya dawo sai ta yi kore, ta miƙe. Kafin wasu su gama dashe, tasa ta yi nisa. Yakan yanke tun tsuntsaye ba su taru ba, tun ruwan rijiya bai yi ƙasa ba.

Ba zan ce ba ta da aibi ba. Ba ta cika buhu kamar irin zamani. Idan ka makara da yanka, zubewa take. Masu casa kuma kullum suna ƙorafi a kanta. Amma a gidanmu ba mu taɓa jiran shinkafar wani ba.

Yana da yadda yake yi mata. Da la'asar sakaliya yakan tayar da inji ya cika fangalin reno, wato kwamin da ya zuba irin, da ruwan rijiya, wanda yake fitowa da ɗan ɗumi, ruwan ya kwana a kanta. Da hantsi ya buɗe ya sake shi don rana ta taɓa ƙasa. Kuma muddin tana ja, ba ya barin kowa ya matso da taki. Yakan ce, “Mai barci ba a ɗura mai tuwo.”

Abin da yake yi wa shinkafa shi yake yi wa jikinsa, kuma nan ne suke samun saɓani da matarsa, wadda muke kira Inna. Idan ɗari ya shigo ba ya sa rigar sanyi. Wai jiki ma sai an gaya masa a hankali. Inna ta biyo shi da rigar har zaure.

“Malam, kai ba shinkahwa ba ne!”

“Ke kuma ba Sarkin Ruwa ba ce, bare ki hana ni hita.”

Ya fice yana dariya, ta jefa rigar a kan igiya tana mita.

Akwai alherin da ya yi mini wanda ba zan iya biya ba. Lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, furfura ta riga ta fara fito mini. Ajin da la'asar ake yi, daidai lokacin ban ruwa, kuma ban ruwa aikina ne. Sa'o'ina suna yi mini ba'a, wai tsohon biri zai koyi rawa. Ban ko tambayi Kawu ba, na haƙura. Shi ya ji a gari. Wata rana ina ɗaura jarkar mai a bayan babur sai ya kwance ta.

“Tahi ka koyi baƙi. Ruwa ni ka ba shi.”

Na ce ai ƙafarsa tana ciwo.

“Ƙahwata ta, ko taka?”

Rani biyu ya yi yana ja wa inji igiya da kansa. Bai taɓa tambayata me na koya ba. Amma da na fara karanta masa rubutun jikin buhun taki, sai ya riƙa kiran maƙwabta su zo su ji, kamar wani abin mamaki.

Taurin kan da masunci ya faɗa kuwa gaskiya ne. Kawu ba ya ba kowa irin nan. Ya taɓa bayarwa sau ɗaya, tun ina saurayi, ga wani ɗan'uwansa. Mutumin ya gauraya shi da wata shinkafa don ya yi yawa, ya sayar da sunan jar Kawu. Mutane suka zuba da wuri, ɗari ya kashe musu reno, suka zo har ƙofar gida suna zagin Kawu a gaban iyalinsa. Daga ranar ya rufe hannu. Ni da nake yi masa noma ban taɓa ajiye ko cikin tafi a ɗakina ba. Masunci ya sha gaya masa cewa abin da mutum guda ke riƙe da shi, ranar da ya faɗi tare za su faɗi. Kawu sai ya ce masa ya je ya yi wa kifi wa'azi.

Wadda ta fi matsa masa ita ce jikarsa, ɗiyar babban ɗansa da ke zaune a unguwar Gesse a Birnin Kebbi. Ta yi karatun tsirrai a jami'a, tana kuma ƙarin karatu a kan shinkafa da sanyi. Wasan jika da kaka ne tsakaninsu, shi yana ce mata Amarya, ita tana ce masa Ango. Wani ɗari ta same mu a bakin fangali, renon ya yi ja.

“A'a, Amarya! Mi kika zo nema wurin mijinki da hannu wohi?”

“Ganye nake so, Ango. Kaɗan.”

“Miya za ki yi da shi? Daman an ce ba ki iya tuwo ba.”

“Ai shi ya sa na auri mara haƙora.”

Ta tattare zanenta ta tsuguna. Abin da ta faɗa a ranar na riƙe shi, don daga baya na sa ta maimaita mini har na fahimta. Ta ce kowane ganye cike yake da 'yan ɗakuna da ido ba ya gani. A kowane ɗaki akwai umarni a ajiye, kuma kullum ana aika saƙo daga wurinsa, a yi tsawo, a yi sabon ganye, a yi saiwa. Sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira ƙananan RNA. Su ba sa gina komai. Aikinsu su tare saƙo a hanya su hana shi isa.

Ta ɗebi laka ta toshe hanyar ruwan da ke gabanta, ruwan ya juya ya shiga ɗaya fangalin.

“Kamar haka. Idan ɗari ya zo, wasu daga cikinsu suna ƙaruwa, wasu suna raguwa. Sai a datse hanyar girma, a buɗe hanyar kare kai. Shuka ta tsaya, ta tara abin da zai tsare ta. Ina zaton taka tana yin haka da wuri, kuma da kyau.”

Kawu ya ji daɗi, ya gyara hula. Ya ce, “Ashe masu ban ruwa na a ciki.”

“Zato nake yi, Ango, ban sani ba. Wataƙila ba irin ba ne. Wataƙila ruwan ɗumin da kake kwantar mata ne kawai. Sai na auna.”

Fuskarsa ta canza. Ya tambayi yadda ake awon. Ta ce sai ta yanki ganyen yana ja, ta daskarar da shi nan take, ta kai ɗakin bincike ta niƙa.

“Ki niƙa jinjiri?”

“Ganye kawai.”

“In kin gano, sai mi?”

Ta ce idan abin a cikin irin yake, za a iya haɗa shi da mai cika buhu, kowa a fadamar nan ya samu ya shuka da wuri. Da ya ji kalmar kowa sai ya miƙe. Na san abin da ya tuna. Ya ce ba a yanka ba, kuma kada ta sake kawo masa maganar. Ta ce masa rowa ce. Ya ce mata rashin kunya ne. Babu wasa a muryar kowa. Ta hau babur ta koma Birnin Kebbi, ko sallama ba ta shiga ta yi wa Inna ba. Sallah ta zo ta wuce jikar ba ta zo ba. Shi kuma yakan tambaye ni a kaikaice, wai ko na ji labarin mutanen Gesse.

Sai ambaliya ta zo. Ruwa ya shiga rumbu, buhunan iri suka jiƙa suka ruɓe. Abin da ya tsira shi ne wanda Inna ta zuba a ƙwarya ta rataye a saman ɗaki, kwano biyu, shi ma ya sha laima. Gonar Kawu kuwa yashi ya binne ta har gwiwa. Ba wurin zuba iri.

Mijin ɗiyarsa, manomi ne a Ambursa, ya aiko matarsa ta ce akwai gefen gonarsa kusa da rijiya, Baba ya zo ya yi reno. Mutumin kirki ne, kuma ban taɓa ganin mai kunyar suruki irinsa ba. Tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida Kawu yana kallon ƙasa. Kawu ya amsa yana kallon bango. Shekara da shekaru ba su taɓa haɗa magana uku a jere ba. Duk abin da ɗaya ke son gaya wa ɗaya, ta bakin ɗiyar yake bi ko ta bakina. Idan muka iso gonar, sai surukin ya koma can ƙarshen gona ya nemi aikin yi. A Ambursa kuma ba manomin da ya san jar Kawu.

Na ce wa Kawu ya rage rabin irin a gida. Ya ce irin da ya sha laima ba ya kai wata shekara, ko a zuba shi bana ko a rasa shi. Ya zuba duka, irin kuma ya fito.

Ambaliyar ta tsorata shi, ko da bai faɗa ba. Muna dawowa a kan babur wata rana sai ya yi magana daga bayana.

“Gobe ka biya Gesse. Ka hwaɗa ma wagga mai taurin kai, in ta yi ja ta zo ta yanka. Ganye kawai.”

Ya ƙara da cewa in Allah ya kai mu yanka, zai auna mini nawa, ya auna wa masunci nasa, ko da yake masunci bai san gaban fartanya da bayanta ba. Da na kai saƙon, jikar ta rufe fuska da mayafi. Sannan ta ce in gaya wa Ango ta yafe masa, amma sai ya biya kuɗin biko.

Tsakanin Argungu da Ambursa akwai tafiya, kuma iskar babur a watan ɗari ba ta da tausayi. Kawu ya ƙi kwana a gidan suruki, ya ƙi rigar sanyi, ya ƙi ya bar ni in je ni kaɗai. Tari ya fara, ya sauka a ƙirji. Da numfashi ya gagara muka kai shi asibiti. Na riƙa raba kaina, da yamma in je in ba reno ruwa, in dawo wurinsa.

Ranar ƙarshe da ya yi magana sosai, muna kewaye da gadonsa, ni da Inna da 'ya'yansa da jikar. Ya kamo hannuna.

“Ta yi ja?”

Na ce ta fara.

“Madalla. Barci takai. Ku ƙyale ta.”

Duk wanda ke ɗakin ya ji. Surukin yana asibitin, shi ya kawo abinci ma. Amma yana waje a baranda, domin ba zai shiga inda surukinsa ke kwance ba riga ba.

Bayan sutura, shi ya fi kowa ɗawainiya. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne aron tabarmi, shi ne raka baƙi tasha. Da aka yi sadakar uku sai ya same ni a gefe ya ce zai koma Ambursa ya bar matarsa wurin Inna, kada mu damu da gona, shi zai kula da ita har mu tashi daga zaman makoki. Na gaya masa ruwa da yamma, a sake shi da hantsi. Ya ce to. Muka yi masa godiya, muka sa masa albarka.

Da aka watse, jikar ta zo da wata gora ta ƙarfe da ta aro daga makarantarsu, idan an buɗe ta hayaƙin sanyi ke fita. Ta ce a ciki za ta jefa ganyen. Inna tana takaba, ba ta fita. Mu biyu muka tafi.

Tun daga nesa na ga babu ja. Fangalin ya yi sumul, an gyara gefensa, an rufe shi da busasshiyar ciyawa kamar yadda ake rufe sabon iri. Surukin ya taho da sauri yana goge hannu a riga.

Jikar ta ce masa, “Baba, ina jar?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Ku yi haƙuri. Na iske ta ƙone dut. Ɗari ya kashe ta. Na ba ta ruwa awa yadda anka ce, ba ta motsa ba. Na ce ba za ku taso daga makoki ku iske irin Baba ya mutu a gonata ba. Na tuge, na yi kaftu, na sawo mai kyau daga Birni na zuba. Ko sisi kada wanda ya ba ni. Sadaka ta ga Baba.”

Jikar ta ajiye gorar a hankali, ta zauna a kan kunyar gona. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ni ne na gaya masa. Na ce haka take yi, idan ta yi ja da ranta, jira take.

Ya dube ni, ya dubi fangalin.

“Da rai?”

Na ce da rai.

“Na gan ta tana ja tun Baba na asibiti. Na gani. Na ce a raina wani abu ya same ta.”

Jikar ta ce, “To me ya hana ka tambaya?”

“In tambayi wa? In je in ce ma Baba irinai ba shi da lahiya? Ni da ban taɓa ganin ƙwayar idonai ba?”

Ya durƙusa a cikin laka, ya ɗora hannu biyu a ka.

Ya nuna mana inda ya zubar da abin da ya tuge. Tuli ne a bakin gona, rana ta busar da samansa, awaki sun ci gefe. Muka tona da hannu mu uku. Jikar ta ɗaga wasu ta duba, ta ce abin da take nema ba ya daɗewa bayan ganye ya mutu, ba ta ko buɗe gorar ba. A can ƙasa muka samu 'yan tsirarun da saiwarsu ke da danshi. Muka dasa su kusa da rijiya, na riƙa zuwa ina kwantar musu da ruwa kamar yadda Kawu yake yi. Ɗari ya sauka, ɗumi ya zo, gonakin mutane suka yi kore. Su ba su tashi ba. Na kakkaɓe ƙwaryar Inna, na share rumbu, na farke bakin tsofaffin buhuna. Abin da na samu ya riga ya yi baƙi.

Da na gaya wa Inna, tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu, ta ajiye carbin a cinyarta. Sannan ta ce, “Kada wanda ya zage shi. Kunya munka ce ya yi, ita ya yi.”

Ba wanda ya zage shi. Sabon irin da ya zuba ya tsallake sauran ɗarin a ƙarƙashin ciyawa, ya yi kyau, da aka yanke ya aiko wa Inna buhunan duka. Shi bai biyo su ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da alherin da ya yi mini, ya sa kabarinsa ya zama wurin hutu.

Ga abin da muka rasa a shekarar nan. Mun rasa Kawu. Mun rasa kwano biyu na iri, kuma babu na uku a ko'ina. Jikarsa ta rasa aikin da ta yi shekaru tana jira, ta koma kan wata shinkafar, kuma babu mai sanin ko abin a cikin irin yake ko a cikin ruwan. Ni da masunci mun rasa rabon da aka yi mana alkawari. Inna ta rasa miji, ta kuma rasa suruki yana da rai, domin har yau bai sake taka ƙofar gidan nan ba.